Waiwaye: Ilimi da bincike a Sakkwato, daga zamanin Bello zuwa Dundaye

Tun kafin a kafa jami'a a Dundaye da ke gefen birni, Sakkwato gari ne na masu bincike. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin a 1809, bai tsaya ga fiƙihu da sha'anin mulki ba, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basir. Da Baturen Ingila Clapperton ya dawo wurinsa a 1826, cikin tsarabarsa akwai littafin lissafi na Euclid da Larabci, sai ya tarar Bello ya daɗe da sanin littafin. Ƙanwarsa Nana Asma'u kuwa damuwarta ita ce yadda ilimi zai isa ƙauye. Ta riƙa naɗa jajoji, wato malamai mata masu zagayawa, su ɗauki karatu a waƙe su kai wa mata har cikin gidajensu, tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, boko ya shigo ta ƙofa mai ƙunci. 'Ya'yan sarauta aka fara ɗauka, kuma buƙatar ita ce a sami malaman ofis na En'e. Midil ta Sakkwato ta yi ƙoƙarinta, a nan ma Shehu Shagari ya koyar da kimiyya kafin ya shiga siyasa, amma duk mai son zurfafa karatu sai ya nufi Katsina, Kaduna ko Zariya.

A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ya zama shugabanta na farko, aka fara ɗaukar darasi a 1977 da ɗalibai da ba su kai ɗari ba. A 1988 aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da asibitin koyarwa da tsangayar likitancin dabbobi suka biyo baya, abin ya dace da ƙasar jar akuya da shanu gudale. Daga baya jiha ta buɗe tata jami'ar, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ta daɗe tana yaye malamai.

Inda na fi son mu tsaya shi ne Cibiyar Binciken Makamashi da aka kafa a jami'ar a 1982. Wanda ya zaɓi Sakkwato ya yi tunani, domin ko ba komai muna da rana, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Masanan cibiyar sun ƙera murhun girki da hasken rana, da na'urar busar da kayan gona, da murhu mai tsimin itace, da tukunyar samar da iskar gas daga kashin shanu. Sun yi gwajin wutar sola a ƙauyen Kwalkwalawa tun sola ba ta zama ruwan dare ba. Wannan aiki ne na a yaba.

Amma shekara arba'in da wani abu bayan haka, a shiga unguwanninmu a duba. Mata na girki da icce da gawayi, hamada na matsowa, manomin albasa da tumatur na kallon amfaninsa yana ruɓewa lokacin kaka. Farantan solar da suka cika kasuwa kuma daga China ake shigo da su. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, don ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sun fi bayyana a gine-gine fiye da ɗakunan gwaji. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, kuma gwajin da aka katse ba ya jiran kowa. Sannan ƙarin girman malami ya rataya ne kan maƙalar da ya buga da Ingilishi, ba kan murhu nawa ya shiga gidajen mutane ba. Babu wani tsayayyen tsari da ke ɗaukar zanen na'ura daga Dundaye ya miƙa wa maƙeri ko mai walda a cikin gari, da rancen da zai ƙera guda ɗari ya sayar, da shiri a Rediyon Rima da zai yi wa matan ƙauye bayanin amfaninta da Hausa. Wannan aikin gwamnatin jiha ne da 'yan kasuwarmu, kuma kuɗinsa bai kai na gina sabon ɗakin taro ɗaya ba.