Gwajin Basira da Muhawarar Gado

Gwajin basira tambayoyi ne da ƙananan ayyuka da masana halayyar ɗan Adam suka tsara don auna saurin fahimta, da riƙe abu a ka, da iya warware matsala. Ana ba da sakamakon da lambar da ake kira IQ, inda 100 take tsaka-tsaki a tsakanin sa'o'in wanda aka gwada.

Alfred Binet da Théodore Simon ne suka fitar da gwajin da ya fara karɓuwa, a Faransa a 1905, don a gano yaran da karatu ke ba wuya a taimaka musu. Binet bai ɗauki basira a matsayin abin da ba ya ƙaruwa ba. Da gwajin ya shiga Amurka, inda Lewis Terman ya sake fasalinsa a 1916, sai aka karkata shi zuwa rarraba mutane. Tun a 1869 Francis Galton na Ingila ya ce hazaƙa gadonta ake yi, kuma irin wannan ra'ayi ne ya haifi dokokin hana wasu mutane haihuwa da tilas, waɗanda Kotun Ƙolin Amurka ta amince da su a 1927.

Bahaushe ma ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma bincike ya gaskata wani ɓangare na maganar. A 1979 Thomas Bouchard ya fara nazarin tagwaye masu kama ɗaya da suka tashi a gidaje daban-daban, a Jami'ar Minnesota. A 1990 ya danganta kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin makin waɗanda ya gwada da gado. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Wannan lissafi yana magana ne a kan bambanci tsakanin jama'ar da aka nazarta, a yanayin rayuwarsu, ba ya faɗar iyakar inda wani yaro zai kai. James Flynn ya nuna cewa a ƙarni na 20 maki ya riƙa hawa da kusan 3 duk shekara 10 a ƙasashe da dama, saurin da gado ba zai iya bayyanawa ba. Zaman makaranta yana ɗaga maki. Tamowa, da ƙarancin sinadarin aidin, da gubar dalma irin wadda ta halaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk suna dakushe ƙwaƙwalwa.

Ga yaron Katsina ko Daura akwai ƙarin matsalar harshe. Fitattun gwaje-gwaje, kamar na David Wechsler da ya fara fitowa a 1939, da Turanci aka rubuta su, kuma da mutanen Amurka aka daidaita ma'auninsu. Yaron da ya tashi da Hausa, ya yi karatun allo, idan ya kasa irin wannan gwaji, zalunci ne a kira shi daƙiƙi. Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ta san alaramman da ke rubuta izu sittin da ka ba tare da duba littafi ba, kuma ba don irinsa aka tsara waɗannan tambayoyi ba. Hausa ma ta raba basira da hadda, ta raba wayo da hankali, alhali shi gwajin yakan taƙaita sakamakonsa a lamba ɗaya.

Akwai gwaje-gwajen da ba su dogara da kalmomi ba, kamar na John Raven na 1938, inda ake cike gurbi a jerin zane-zane. Ko su ma an ga cewa wanda ya saba da takarda da fensir yakan fi samun maki.