Baƙar lamba a tsohuwar mota: abin da dokar Birtaniya ta halatta

Kusan duk motar da ke yawo a titunan Birtaniya yau, lambarta ta gaba fara ce, ta baya kuma ruwan ɗorawa, haruffan baƙaƙe, kuma dole farantin ya zama mai ƙyalli idan fitila ta haska shi da dare. An wajabta wannan tsari a kan motocin da aka ƙera daga 1 ga Janairu 1973. Kafin nan baƙin faranti ake sa wa mota, da haruffa farare ko masu launin azurfa. Masu riƙon tsofaffin motoci suna matuƙar son wannan baƙar lamba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya ɓata shekaru yana gyara Morris Minor ko Land Rover ta zamanin kakansa, ya nemo fenti irin na asali, ya gyara kujeru, sai kuma a ce ya manna mata farantin roba na zamani. Ba za ta yi kyan gani ba.

Doka ta ba su dama, amma da sharaɗi biyu, kuma sai sun haɗu. Na farko, a ce an ƙera motar kafin 1 ga Janairu 1980. Na biyu, a ce mai ita ya nemi hukumar DVLA, mai rajistar direbobi da motoci da ke birnin Swansea, ta sanya ta cikin rukunin harajin motocin tarihi. Wannan rukuni ba ya zuwa da kansa don mota ta tsufa. Sai an nema, an canza abin da ke rubuce a takardar rajistar motar, wadda suke kira V5C.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne batun shekara 40. A Birtaniya, mota ta haura shekara 40 da ƙerawa tana iya samun yafiyar harajin hanya, kuma tun watan Mayu 2018 ana iya ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, muddin ba a yi mata wani babban sauyi ba a shekara 30 da suka wuce. Wannan iyaka tana matsawa gaba kowace shekara. A 2015 an yi wani gyaran doka da ya ɗaure batun baƙar lamba da wannan rukunin haraji, sai ita ma iyakarta ta riƙa matsawa tare da shi. Gwamnati ta dakatar da hakan daga 1 ga Janairu 2021, ta kafe iyakar a farkon 1980. Tun daga nan aka raba gari: yafiyar haraji na ci gaba da tafiya, baƙar lamba kuwa ta tsaya cak.

Mu ɗauki Fijo 504 guda biyu, ɗaya ƙirar 1978, ɗaya ƙirar 1982. Dukansu sun haura shekara 40, dukansu na iya shiga rukunin tarihi su daina biyan haraji. Amma ta 1978 kaɗai ke da ikon ɗaukar baƙar lamba. Ta 1982, ko ta kai shekara 60 nan gaba, fara da ruwan ɗorawa za ta ci gaba da sawa, sai fa in an sake dokar.

Ni a ganina wannan tsayarwa daidai ce. Dalilin ba da dama tun farko shi ne mota ta fito da kamannin zamaninta, kuma motar 1985 ba ta taɓa sanin baƙar lamba ba tun daga ranar da ta bar kamfani. Ko waɗanda ke tsakanin 1973 da 1979 ma rangwame aka yi musu, domin a zamaninsu mai ƙyallin suka sa. Ga kuma batun rai: faranti mai ƙyalli yana taimaka wa direban da ke baya ya hango motar da ta tsaya a gefen hanya cikin duhu, kuma tsofaffin motoci ba su cika samun fitilun baya masu ƙarfi ba.

Samun izinin baƙin faranti ba ya nufin mutum ya rubuta lambar yadda ya ga dama. Akwai ƙa'idar tsayin haruffa da tazarar da ke tsakaninsu, kuma ba a yarda a matse su ko a ware su don su zama kamar wani suna ba. Ba a kuma yarda a sa wa mota lambar da za ta nuna ta fi shekarunta sabunta ba. Farantin da za a hau titi da shi, a wajen mai sayarwa da ke da rajista da DVLA ake yin sa, kuma zai nemi shaidar ko kai wane ne da takardar da ke nuna kana da haƙƙin wannan lamba. Wanda aka kama da lambar da ta saɓa ƙa'ida yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 1,000, kuma motar za ta faɗi a gwajin MOT idan tana cikin masu zuwa gwajin.