Me ake nufi da Ligue Magnus a wasan hoki na ƙanƙara?

Ligue Magnus ita ce babbar gasar hoki na ƙanƙara a Faransa. An sa mata wannan suna a 2004 don tunawa da Louis Magnus, shugaban farko na hukumar wasan ta duniya da aka kafa a birnin Faris a 1908. Kofin da zakara ke ɗauka shi ma sunansa Coupe Magnus.

Tun kakar 2016-2017 galibi ƙungiyoyi 12 ke fafatawa. Kowace tana karawa da sauran 11 sau huɗu, biyu a gida biyu a waje, jimilla wasa 44. Wasa kashi uku ne, kowane minti 20. Wanda ya yi nasara cikin waɗannan mintuna 60 yana da maki 3. In aka yi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci ko bugun daga kai sai mai tsaron raga, mai nasara ya samu maki 2, wanda aka doke ya tsira da 1.

Inda mutane ke ruɗewa, musamman waɗanda suka saba da ƙwallon ƙafa, shi ne nan: zama na ɗaya a teburi ba shi ne cin kofi ba. Takwas na sama ne ke shiga zagayen fitar da gwani, kuma a kowane mataki sai ƙungiya ta doke abokiyar karawarta sau huɗu cikin wasa bakwai kafin ta wuce. Ribar wanda ya fi maki ita ce ya fara a gidansa, kuma in aka kai wasa na bakwai, a filinsa za a yi.

Kakar 2018-2019 ta nuna wannan ƙarara. Rouen ce ta ƙare a saman teburi, amma a zagayen ƙarshe Grenoble ta kai ta har wasa na bakwai, ta doke ta a Rouen ɗin, ta tafi da kofi. Mai tsaron raga da ya yi rauni ko 'yan wasa da suka gaji a watan Afrilu na iya rusa aikin wata bakwai.

Huɗu na ƙasa kuwa sukan yi tasu ƙaramar gasa, poule de maintien, ta neman tsira, wadda ta zo ƙarshe ta sauka zuwa Division 1, gasar da ke ƙasa da Ligue Magnus. A kakar 2018-2019 Strasbourg ce ta sauka. A kakar 2019-2020 annobar korona ta tsayar da wasa a watan Maris, ba a naɗa zakara ba.