Ƙwaƙwalwar bakwaini ba ta gama ginuwa ranar da aka sallame shi ba

A asibitin unguwa da nake aiki a yankin Gadarif na ƙasar Sudan, wata uwa ta kawo mini ɗanta mai wata shida, hankalinta a tashe, domin ɗan kishiyarta da suka zo duniya wata guda har ya fara zama, nata kuwa bai daɗe da tsai da wuya ba. Da na duba katinsa sai na ga an haife shi ne cikin yana da mako 30. Na ce mata, "Yaya, ki cire mako goma daga lissafinki, ɗanki ɗan wata uku da rabi ne." Haka likitoci suke auna girman bakwaini har ya cika shekara biyu, daga ranar da ya kamata a haife shi, ba daga ranar da ya faɗo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini, kuma ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka a shekarar 2020. Waɗanda suka fi bukatar kulawa su ne na ƙasa da mako 32, musamman na ƙasa da 28. Dalili kuwa shi ne a watanni ukun ƙarshe na ciki ƙwaƙwalwa take yin girma mafi sauri, har ma a mako 34 nauyinta bai wuce kashi biyu cikin uku na wadda ta cika wata tara ba. Jijiyoyin jininta a lokacin ba su yi ƙwari ba, don haka ƙarancin iska, ko sanyi, ko cuta a jini, ko shawara mai tsanani suna iya barin tabo.

Yawancin waɗannan yara suna tashi lafiya. Amma wasu sai sun shiga halwa, wato makarantar allo, ko makarantar boko sannan matsalar take fitowa: yaro ba ya iya zama wuri guda, a biya masa karatu yanzu ya manta, lissafi ya gagare shi. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda ake kiran irin wannan yaro daƙiƙi, a bi shi da bulala, alhali maimaici da karatu kaɗan-kaɗan yake bukata. Ya kamata iyaye su sanar da malam tarihin haihuwarsa tun ranar farko.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wutar lantarki da kwalbar renon jarirai sun yi wuya a wurare da yawa, to amma ƙirjin uwa yana nan. A kwantar da jaririn tsakanin nonuwanta, fata da fata, da hula a kansa, a ɗaura zane, aƙalla awa takwas a kwana, uba ko kaka kuma su karɓe ta idan ta gaji. An fara wannan hanya a birnin Bogota na Kolombiya a 1978, kuma a 2022 Hukumar ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa. Nonon uwa zalla za a ba shi, ko da tatsa za a yi a ba shi da ƙaramin kofi, ban da ruwan dabino, ban da jiƙo. Kada a yi masa gaggawar wanka. A riƙa yi masa magana da waƙa, ana kallon idonsa.

A nemi a duba idanunsa da jinsa a makonnin farko, domin yaron da ba ya ji sosai maganarsa za ta yi jinkiri. Idan aka ga jikinsa ya sandare ko ya saki, ko yana amfani da hannu ɗaya kawai kafin ya shekara, ko ba ya juyowa idan aka yi ƙara, a kawo shi asibiti da katin haihuwarsa a wannan makon.