Tekun Arewa: Me ya sa mutanen gaɓarsa ba su taɓa sakin jiki da shi ba?

Wane teku ne wannan, kuma ina yake?

Shi ne ruwan da ke tsakanin Birtaniya ta yamma, Norwe da Denmak ta gabas, sai Jamus da Holan da Beljiyam ta kudu. Idan aka kwatanta shi da Atlantika, yaro ne ƙarami: matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 95 ba, a yankin Dogger da ke tsakiyarsa kuwa akwai inda bai kai mita 20 ba. Wani sashe nasa ma tudu ne da mutane suka zauna a kai kafin ruwa ya cinye shi. A 1931 wani jirgin masunta ya jawo tsinin mashin farauta na mutanen da a cikin komarsa.

To in ba shi da zurfi, ina haɗarin yake?

Rashin zurfin ne babbar matsalar. Ɗauki faranti cike da ruwa ka yi taku uku da shi, sannan ka ɗauki bokiti, za ka ga wanda ya fi saurin zuba. Ga shi kuma tekun a buɗe yake ta arewa, ya tsuke ta kudu. Idan guguwa ta taso daga arewa maso yamma ta yini tana busawa, sai ta kora ruwan zuwa wannan matsatsin, inda ba shi da mafita sai ya hau tudu. In aka yi rashin sa'a abin ya zo daidai da babbar cikowar teku, wadda ake yi lokacin sabon wata ko cikarsa, ruwa kan tashi mitoci sama da inda aka saba. Ƙasar da ke jiransa a can kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, wani wurin ma ƙasa take da tekun. Mutanen arewacin Jamus har suna suka raɗa masa kamar mutum: in ya fusata sai su ce Blanker Hans ya taso.

Labarin garin da teku ya haɗiye saboda saɓo fa, gaskiya ne?

Garin gaskiya ne, sunansa Rungholt, a gaɓar Firisiya ta Arewa da ke cikin Jamus yanzu. Ya nutse a ambaliyar tsakiyar Janairun 1362, wadda aka ƙiyasta ta kashe aƙalla mutum 25,000 a gaɓar tekun baki ɗaya.

Almarar kuwa cewa ta yi mutanen garin dukiya ta ruɗe su. Wata rana wasu mashaya suka ɗura wa alade giya har ya bugu, suka kwantar da shi a gado suka lulluɓe, suka aika a kira limamin coci wai ga marar lafiya yana gargara, a zo a yi masa addu'ar ƙarshe. Da ya yaye mayafi ya ga abin da aka yi, ya ƙi, sai suka ci masa mutunci. Ya kai kukansa ga Ubangiji, aka gargaɗe shi cikin dare ya bar garin, kafin gari ya waye teku ya shafe komai. Suka ƙara da cewa idan ruwa ya kwanta lif, akan ji ƙararrawar cocin tana kaɗawa daga ƙarƙashi. Irin wannan zance na ƙararrawa akwai shi a Dunwich ta Ingila, babbar tashar jiragen da guguwowin 1286 da 1287 suka fara kassarawa.

An daɗe ana ɗaukar Rungholt ɗin kansa a matsayin tatsuniya, har sai da janyewar ruwa ta fara tono rijiyoyi da sawun huɗa da fasassun tukwane kusa da tsibirin Südfall, wani manomi mai suna Andreas Busch ya shiga tattara bayanansu tun daga 1921. A 2023 masu bincike suka gano harsashin wata coci a cikin taɓon, tsawonta kusan mita 40, faɗinta 15.

Ke nan mutanen ba su da laifin komai?

Suna da shi, amma ba irin wanda almara ta ɗora masu ba. Ƙasarsu fadama ce mai baƙin ruɓaɓɓen tsiro. Sun janye ruwanta don su yi noma, sai ta bushe ta lotsa. Suna kuma haƙar wannan baƙar ƙasa suna ƙonawa su fitar da gishiri, wanda yana cikin abin da ya arzuta su. Wato da hannunsu suka riƙa sauke ƙasar da suke tsaye a kai, ba abin da ke tsakaninsu da teku sai jingar ƙasa. Annobar da ta ratsa Turai wajen 1350 kuma ta rage masu gyaran jingar. Ni a ganina labarin aladen ya riƙe sunan garin da wurinsa da kyau, har ma ya tuna cewa dukiya na da hannu a ciki, dalilin ne kawai ya karkatar.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A Oktoban 1634 wata ambaliya ta farfasa tsibirin Strand da ke wannan yankin, dubbai suka mutu, manyan ɓangarorinsa da suka rage su ne Nordstrand da Pellworm.

An taɓa hukunta mutane saboda guguwa?

An yi, kuma sarki ne ya jagoranci abin. A 1589 guguwa ta hana jirgin Gimbiya Anne ta Denmak isowa Sikotland wurin angonta, Sarki James na shida, dole ta fake a Norwe. Sarkin ya bi ta can aka ɗaura aure, a hanyar dawowa a 1590 suka sake gamuwa da mummunan yanayi. Sai aka ce ai aikin mayu ne. Aka kama mutane da dama a yankin North Berwick, cikinsu har da wata ungozoma mai suna Agnes Sampson. Aka gana mata azaba har ta amsa cewa sun jefa kyanwa cikin teku don tayar da hadari. Sarkin da kansa ya zauna wajen tuhumarta. A Janairun 1591 aka shaƙe ta, aka ƙone gawar. Teku ne da ke yin guguwa kowace kaka, amma tsohuwa aka nema ta biya.

Me ya sa fatalwar waɗanda suka nutse ta cika labaransu?

Domin mafi yawan wanda teku ya ci ba a ganin gawarsa. A tsibiran Sylt da Amrum suna da Gonger, mamacin da ke dawowa gidan danginsa da dare cikin jiƙaƙƙun tufafi, da safe a tarar da sawun ruwan gishiri a ɗaki, a gane ya rasu. Masuntan Norwe suna da Draugen, mai tuƙa rabin kwalekwale, wanda ganinsa alamar ajali ne. Wanda ya san abin da ya faru a Eyemouth ba zai yi wa waɗannan labarai dariya ba: ranar 14 ga Oktoba 1881 guguwa ta kashe masunta 189 a gaɓar kudu maso gabashin Sikotland, 129 daga wannan gari ɗaya, wasunsu a bakin tasha, matansu da 'ya'yansu suna tsaye suna kallo.

Akwai abin da aka ɗauka ƙaryar matuƙan jirgi ce ya zamo gaskiya?

Akwai: igiyar ruwa guda ɗaya tilo da ke tasowa ba zato, ta ninka na kewayenta. Masana sun daɗe suna ɗaukar zancen ƙarin gishiri ne. Ranar 1 ga Janairu 1995 na'urar awo a dandamalin gas na Draupner, a ruwan Norwe, ta auna wata mai tsayin mita 25.6, alhali manyan igiyoyin ranar kusan mita 12 ne.

Yanzu an shawo kansa?

An rage kaifinsa, bayan an sha wuya. Daren 31 ga Janairu 1953, Asabar ce, jingogi suka fashe mutane na barci, gidajen rediyo sun rufe, gargaɗi bai kai ga yawancinsu ba. Mutum 1,836 suka mutu a Holan, 307 a Ingila. A Fabrairun 1962 ruwa ya shiga birnin Hamburg na Jamus ya kashe 315. Daga ambaliyar 1953 ne Holan ta shiga gagarumin aikin madatsun Delta: ta buɗe ta Oosterschelde a 1986, ta kammala ƙofofin Maeslant da ke tsare Rotterdam a 1997. Landan ta samu shingen kogin Thames a farkon shekarun 1980. A tsakiyar ruwa kuwa ba madatsar da za a gina. A Maris ɗin 1980, cikin hadari, ƙafa ɗaya ta dandamalin Alexander Kielland, inda ma'aikatan mai ke kwana, ta karye saboda tsagewar ƙarfe, ya kife, 123 daga cikin mutum 212 da ke kansa suka rasu.