Tsamin jiki bayan motsa jiki: mene ne shi, kuma yana nuna atisaye ya shiga?

Tsamin jiki shi ne wannan ciwon da ke kama tsoka bayan mutum ya yi aikin ƙarfin da jikinsa bai saba da shi ba. Ba ya zuwa a lokacin aikin. Mutum zai gama gudunsa ko ɗaga ƙarfensa lafiya lau, ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta, sai da asuba ya ji cinyoyi sun riƙe. Zai zo ruku'u ya ji bayan cinya yana ja, zaman tahiya kuwa sai ya dafa ƙasa kafin ya iya naɗe ƙafa. Yakan fara ne bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin kwana 1 zuwa 3, sannan ya sake a hankali, galibi kafin mako ya zagayo. Masu bibiyar shafukan motsa jiki a intanet za su ga ana rubuta shi DOMS, wato ciwon tsoka mai jinkirin zuwa.

A tsakanin matasan da ke fita gudun safe a Samaru da Sabon Gari a nan Zariya, da masu taruwa ɗaga ƙarfen da aka haɗa da siminti a bayan layi, akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida: in jiki bai yi tsami ba, atisaye bai shiga ba. Za ka ji yaro yana cewa abokinsa, "Jiya na ci wuya, yau ko matakala ba na iya sauka," yana faɗa yana alfahari. Wani kuma ya damu don kwana biyu ba ya jin komai, sai ya ninka nauyi don ya dawo da ciwon. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana cutar da mutane. Abin da tsami ke nunawa shi ne jiki ya gamu da baƙon aiki. Ba ya auna ko aikin ya yi amfani.

Da farko a kawar da wani bayani da ya daɗe yana yawo, cewa sinadarin laktik ne ke taruwa a tsoka ya sa ta ciwo. Gaskiya ne wannan sinadari yana ƙaruwa a jini lokacin da ake gudu da ƙarfi, amma jiki yana kwashe shi cikin kusan awa guda bayan an tsaya. Abin da ya wuce tun jiya da yamma ba zai zama dalilin ciwon jibi ba. A 1983 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane gudu iri biyu, ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ɗaya a gangare. Gudun shimfiɗa ya ɗaga sinadarin laktik amma bai bar tsami ba. Gudun gangare bai ɗaga shi ba, amma shi ne ya bar mutane da ciwo. Tun ma a 1902 wani masani Ba'amurke mai suna Theodore Hough ya riga ya rubuta cewa irin wannan ciwo yana da nasaba da ƙananan yagewa a cikin tsokar kanta.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi yau kusa yake da nasa. Tsoka tana aiki ta hanyoyi daban-daban. Wani lokaci tana tsukewa ta ɗaga nauyi, wani lokaci kuma tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin don kada ya faɗi. Wannan na biyun shi ne ya fi kawo tsami. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena ya san haka ko da bai san dalili ba. Hawan ne ke sa haki da gumi, amma saukowa ce ke barin gaban cinya da ciwo kwana biyu, domin a kowane taku tsokar tana taka wa nauyin jiki birki ne tana miƙewa. Haka sauke ƙarfe a hankali bayan an ɗaga shi, haka tsallen kwaɗo. A irin wannan motsi ƙananan zaruruwan tsoka da tantanin da ke lulluɓe da su sukan ɗan samu rauni wanda ido ba ya gani. Sai jiki ya turo jini da ƙwayoyin gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ƙara saurin ji. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ciwon ke jinkiri.

To ai sai wani ya ce, in rauni da gyara ne ke kawo tsami, ba shi ne ginin tsokar ba ke nan? A nan ne ake yawan kuskure. Tsoka tana ƙaruwa ne idan ana ɗora mata aiki a kai a kai, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan, tana samun abinci da barci. Raunin ba sharaɗi ba ne. A 2011 an yi wani gwaji a Amurka da rukuni biyu. Rukuni ɗaya an shigar da su atisayen a hankali na tsawon mako 3 kafin a kai ga mai tsanani, ɗayan kuma an jefa su kai tsaye. Na biyun sun sha tsami, na farkon kusan ba su ji komai ba, amma a ƙarshe ƙarfi da girman tsokar da suka samu bai bambanta ba. Wahalar da rukuni na biyu suka sha ba ta ƙara musu komai ba.

Ba ma sai an je Amurka ba. Dubi ɗan garuwa da ke tura kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatse zuwa gidaje tun safe har azahar, ko mai dako da ke sauke buhunan masara a kasuwar Sabon Gari. Damatsansu da bayansu sun fi na yawancin masu zuwa gidan motsa jiki, amma ba sa tashi kullum da tsamin da ɗalibi zai ji in ya gwada aikinsu na rabin yini. Manomi ma ranar farko ta huɗa a farkon damina ita ce ke karya masa ƙugu, bayan mako guda sai ya yi ninkin aikin ya kwana lafiya. Matar da ta daɗe ba ta riƙe taɓarya ba, ranar da ta yi surfen biki za ta ji a kafaɗa, wadda take yi kullum kuwa ko a jikinta. Jiki yana koyo. Bayan karo ɗaya kacal na wani motsi, tsokar takan samu kariya daga tsaminsa wadda ke iya kai makonni. Saboda haka in ka yi wata biyu kana atisaye tsami ya daina zuwa, ba ci baya ka yi ba, jikinka ne ya ƙware.

Mutane ma sun bambanta. Abokai biyu za su yi abu iri ɗaya, ɗaya ya kwana yana nishi, ɗaya bai ji komai ba, kuma duka biyun suna ci gaba.

Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne abin da kake iya yi yau wanda ba ka iya yi wata guda da ya wuce. Tazarar da da sai ka tsaya sau biyu, yanzu kana gama ta a tafiya ɗaya. Nauyin da kake ɗagawa sau 8 ya koma sau 12. Numfashi yana dawowa da wuri bayan gudu, barci ya gyaru, mai hawan jini ko ciwon suga ya ga awonsa yana sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, kuma babu inda ta sa ciwo a cikin lissafin. Tsami mai tsanani ma cikas ne, domin wanda ya wahalar da kansa ranar Asabar har ya kasa fita sai Alhamis ya yi asarar kwanaki, da yawa kuma daga nan suke watsar da abin gaba ɗaya. Wannan ya fi damuna game da iyayenmu mata da dattawa waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki. Idan suka ɗauka sai an ji ciwo ake samun amfani, ba za su fara ba, alhali tafiyar rabin awa da sassarfa bayan la'asar ta ishe su.

In tsamin ya zo, abin da ya fi sauƙaƙa shi shi ne motsi mara nauyi, kamar tattaki ko tuƙa keke a hankali. Tausa da gasa jiki da ruwan ɗumi suna ɗan rage jin ciwon. Miƙe gaɓoɓi kafin atisaye ko bayansa yana da nasa amfanin, amma bincike ya nuna kusan ba ya hana tsami. Sai ruwa, barci, da abinci mai gina jiki irin wake, ƙwai, nono, awara da gyaɗa.

Akwai ciwon da ba tsami ba ne, kuma dole a rarrabe. Wanda ya soke ka farat ɗaya ana cikin atisaye, ko ya tsaya a gaɓa kamar gwiwa ko idon sawu, ko ya zo da kumburi a gefe guda, wannan targaɗe ne ko yagewar tsoka, hutu yake so da dubawa. Ciwon jiki da zazzaɓi da sanyi kuwa a garinmu sai a fara tunanin maleriya a je a yi gwaji.

Mafi haɗari shi ne idan aikin ya yi yawan da tsoka ta farfashe sosai, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya cutar da ƙoda. Alamarsa ciwo mai tsanani fiye da kima, kumburi, kasala, da fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai. Ya fi samun wanda ya fara atisaye mai tsanani kwatsam, musamman cikin zafin Maris da Afrilu, ko da azumi a baki ba ruwa a jiki. Matasan da ke shirin shiga aikin soja, waɗanda ke ganin kurata na Depot, wato barikin horar da sababbin sojoji, suna so su kamo su cikin mako guda, su kula da wannan, haka malaman da ke sa yara tsallen kwaɗo ɗaruruwa da sunan horo. Mai ɗauke da ƙwayar sikila, ko da rabi ce irin ta AS, haɗarinsa ya ɗan fi na sauran. Wanda ya ga fitsarinsa ya canza haka, asibiti zai nufa a ranar, ya kuma gaya wa likita irin atisayen da ya yi da lokacin da ya yi shi. Kada ya tsaya kemis a haɗa masa maganin ciwon jiki, domin ibuprofen da diclofenac da ake yawan sawa a irin wannan haɗin suna ƙara wa ƙodar nauyi ne a daidai lokacin da take fama, tramadol kuma rufe ciwon kawai yake yi har mutum ya koma fili ya ƙara ɓarna.