Galahanga ba ta tsaya kan yara ba: manyan da suke gane kansu bayan sun girma

Kwanakin baya wani magidanci da ya haura shekara 40 ya kawo ɗansa mai shekara 4 ƙaramin asibitin da nake aiki a cikin birnin Zariya, saboda yaron bai buɗe baki sosai ba, kuma ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ina cikin yi wa mahaifin tambayoyin da muka saba yi kafin mu tura yaro wurin likita, ko yana toshe kunne idan an tayar da janareto, ko yana jera murafen kwalba a layi ɗaya ya fashe da kuka idan an taɓa masa, sai na ga mutumin ya yi shiru yana murza hularsa a hannu. Can ya ce, "Malama, ai ni kike siffantawa. Haka Inna take ba da labarina." Ta wannan ƙofa manya da yawa suke fara zargin cewa su ma suna da yanayin da ake kira galahanga, wanda likitoci suke ce wa otizim.

Galahanga bambanci ce a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun daga ciki, kuma da ita mutum yake girma har ya tsufa. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a rubuce bayan ya duba yara 11. Na farko a cikinsu, Donald Triplett, ya yi aikin banki shekaru masu yawa a garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Na kawo shi ne domin a gane cewa yaron da yake da wannan yanayi yakan zama ma'aikaci, ya zama dattijo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kusan mutum 1 cikin 127 yana da galahanga, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauka Zazzau ta fita daga wannan lissafi.

Abin da ya sa aka tsallake manyanmu suna yara shi ne, an daɗe ana zaton sai wanda ba ya magana ko ba ya iya karatu ne mai galahanga. Daga baya masana suka tabbatar cewa hawa-hawa ce: akwai mai buƙatar a kula da shi kullum, akwai kuma wanda zai yi digiri a jami'ar da ke Samaru ba tare da kowa ya lura ba. A wurinmu kuma al'ada takan rufe alamar. Yaron da ba ya haɗa ido da mutane, mu a wurinmu mai ladabi ne, domin sunkuyar da kai a gaban manya tarbiyya ce. Yarinyar da ba ta shiga cikin 'yan gaɗa, sai a yaba mata kunya da kamun kai. Mata ma sun fi iya ɓoyewa, domin sukan haddace yadda sauran mata suke gaisawa da dariya su riƙa kwaikwaya, su dawo gida a gajiye liƙis kamar waɗanda suka yini suna surfe. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake gano maza fiye da mata.

Yabon ƙuruciya yakan koma zargi idan an girma. Sai a ce wane miskili ne, wance tana da girman kai, ba ta son dangin miji. Alhali abin da yake faruwa a ciki daban ne. Doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya jama'a, wadda take fita daga bakin wasu ba tare da tunani ba, shi sai ya shirya mata kamar jarrabawa. Ba ya gane habaici ko gugar zana, yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, kuma yana faɗin gaskiya tsirararta a inda ake son a saya. Hayaniyar kasuwar Sabon Gari ko lasifikar gidan biki tana iya sa shi jin kamar kansa zai tsage, har ya sulale ya tafi ba sallama. Yana son komai ya tafi bisa tsarin da ya saba, canjin shiri na ba-zata yana rikita masa yini guda, sannan akwai fanni ɗaya da ya ƙware a kai, wanda zai yi ta bayaninsa ko mai sauraro ya ƙosa.

Dole in ja hankali a nan, domin yanzu gajerun bidiyo na TikTok sun sa kowane mai shiru-shiru yana liƙa wa kansa suna. Rashin son taro kaɗai bai isa hujja ba. Ciwon damuwa, yawan fargaba, raunin ji, ko wata azaba da mutum ya sha yana yaro, duk suna iya kama da wannan. Abin da likita yake nema shi ne alamun da suka faro tun ƙuruciya, suka haɗa wahalar mu'amala da maimaita ɗabi'u, kuma suke taɓa rayuwar mutum ta yau da kullum.

Babban abin da bincike ya nuna game da sanadi shi ne gado, shi ya sa uba yake ganin kansa a jikin ɗansa. Ba shafar aljanu ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Binciken da ya yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998 an gano na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Addu'a abin riƙo ce ga kowane musulmi, amma duka da ɗauri da hayaƙi da sunan fitar da iska cutarwa ne kawai.

Wanda yake son tabbatarwa ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Na san zuwa wurin yana da nauyi saboda bakin mutane, amma ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Babu gwajin jini ko hoto da yake nuna galahanga. Hira ce mai tsawo, wani lokaci fiye da zama ɗaya. Babu kuma maganin da yake warkar da ita, don haka duk mai tallan ƙulli ko ƙwaya da wannan suna kuɗinku yake so. Magani yana aiki ne a kan abin da kan biyo ta, kamar damuwa, rashin barci ko farfaɗiya.

Magidancin nan ya tambaye ni amfanin sani bayan shekara 40. Na ce masa, "Malam, aƙalla maiɗakinka za ta san cewa idan ka shige ɗaki ka rufe ƙofa bayan taron suna, hutawa kake yi, ba fushi ba." Na kuma ba shi shawarar ya rubuta abubuwan da suke wahalar da shi kafin ranar ganin likita, ya tafi da Inna ko wata yayarsa da ta goye shi, domin tambayoyin farko duk a kan shekarun da shi ba zai iya tunawa ba ne.